Bulala Uku a Tsibirin Man, da Uban da Ya Kasa Jurewa

Shekaranjiya ɗana ya dawo daga makaranta bai ko kalli abinci ba. Da na ɗaga rigarsa sai ga shatar dorina har guda biyar a gadon bayansa. Laifinsa makara. Da na lallashe shi ya buɗe baki, bai yi maganar zafin dukan ba sam. Abin da yake ta maimaitawa shi ne an kwantar da shi a kan benci, manyan ɗalibai biyu sun danne shi, 'yan ajinsu suna kallo.

Tun daga lokacin labarin wani ɗan ƙaramin tsibiri ya ƙi barin raina.

Tsibirin Man yana tsakiyar teku tsakanin Ingila da Ailan, mutanensa ba su kai dubu ɗari ba. Yana ƙarƙashin sarautar Ingila, amma yana da majalisarsa mai suna Tynwald, wadda mutanen wurin ke alfahari ta haura shekara dubu tana zama. Wannan cin gashin kai ne ya sa da Birtaniya ta hana kotunanta yanke hukuncin bulala a 1948, su suka ce ba da su ba. Suka ci gaba da zane matasa da tsumagiyarsu, wasu dogayen rassan itace da ake ɗaurewa wuri guda.

A 1972 kotun yara ta garin Castletown ta yanke wa wani yaro ɗan shekara 15 bulala uku. Shi da abokansa ne suka tare wani babban ɗalibi suka ji masa rauni, don ya kai ƙararsu sun shigo da giya makaranta. Laifi ne, babu mai wanke shi. Ya ɗaukaka ƙara, aka yi watsi da ita ranar 28 ga Afrilu, a yammacin ranar aka kai shi ofishin 'yan sanda. Aka jira likita ya zo ya duba shi. Aka sa ya sauke wandonsa ya duƙa a kan tebur, 'yan sanda biyu suka riƙe shi, na uku ya ɗaga tsumagiya. Bugun farko ma sai da rassan suka kakkarye. Mahaifinsa yana tsaye a ɗakin. Ana sauke ta uku uban ya yi kukan kura kan ɗan sanda, sai riƙe shi aka yi.

Wannan uban nake ta tunani. Ya san ɗansa ya yi laifi. Ya taso a garin da ake ganin tsumagiya gata ce. Amma da idonsa ya ga baƙin hannu sun danne ɗan cikinsa kamar ragon layya, jininsa bai yarda ba.

Magana ta kai Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg a Faransa. Mutanen tsibirin ba su zauna ba, dubban masu zaɓe suka sa hannu a takardar neman a bar musu abinsu. Hujjarsu ita ce wadda muke ji kullum a majalisar ƙofar gida: bulala ce ke tsare gari, in aka ajiye ta yara za su fi ƙarfin kowa. Shi kansa yaron ya nemi janye ƙarar a 1976, aka ce maganar ta wuce tasa shi kaɗai. Ranar 25 ga Afrilu 1978 alƙalai shida cikin bakwai suka ce dukan bai kai azabtarwa ba, amma wulaƙanci ne, domin hukuma ta mai da ɗan adam wani abu a hannunta. Suka ƙara da cewa ko da horo yana tsorata masu laifi, hakan bai wanke shi daga zama cin mutunci ba. Alƙali ɗaya tilo da ya saɓa, Bature ɗan Birtaniya, ya kafa hujja da cewa shi ma ya yi karatu a zamanin da ake dukan yara a makaranta, kuma bai tuna wani yaro ya ji an ƙasƙantar da shi ba. Ina jin haka na tuna da kaina, don ni ma na sha faɗin "ai mu ma an doke mu, ga mu mun zama mutane."

Bulalar ƙarshe a tsibirin an yi ta ne a 1976, dokar kuma sai 1993 aka soke ta.

Kada wani ya juya mini magana. Ba haddin shari'a nake taɓawa ba, wannan fagen malamai ne, yana da sharuɗɗansa da alƙalinsa. Kuma ban ce a sakar wa yaro linzami ba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma mai tanƙwara icce da hannu biyu yake bi a hankali, don ya san in ya matsa karyewa zai yi. Malamin da ya sa a danne yaro ɗan shekara tara gaban sa'o'insa saboda ya makara, alhali layin ɗiban ruwa ne ya tsayar da shi, me ya koya masa? Yaron nan da ke tashi da asuba yana ɗokin karatu, jiya cewa ya yi cikinsa na ciwo.

Mu Hausawa mun fi kowa sanin darajar mutunci. Babba ya gwammace ya kwana da yunwa da a tozarta shi a bainar jama'a. Ban san ranar da muka yanke cewa yaro ba shi da nasa ba.

Gobe in Allah ya kai mu zan je makarantar. Zan gaishe da malamin da girmamawa, don ya cancanta, albashinsa bai taka kara ya karya ba kuma yara sun fi saba'in a ajinsa. Zan roƙe shi, in ɗana ya sake makara, ya ba shi tsintsiya ya share aji, ko ya aiko a kira ni.