Sharhi kan labarin tarihin otal-otal na Hilton

Na ji daɗin wannan labari naku, amma kun taƙaita batun Barron Hilton ainun, layi biyu kacal kuka ba shi. Gaskiya ne mahaifinsa Conrad ne ya kafa harsashi, tun da ya sayi otal ɗin Mobley a garin Cisco na jihar Texas a 1919, inda ma'aikatan haƙar mai suka yi yawa har ana hayar gado ɗaya ga mutane daban-daban a rana guda. To amma ɗan nasa ne ya zuba kuɗinsa ya kafa ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Chargers a 1960, lokacin da gasar da take bugawa a ciki, wato AFL (American Football League), take jaririya, masu kulob suna ta tafka asara. Ya mayar da ita San Diego a 1961, bai saki ragamarta ba sai 1966. Wannan ba ƙaramar juriya ba ce wallahi. A 2007 kuma ya yi alƙawarin kashi 97 na dukiyarsa ga gidauniyar mahaifinsa. Don Allah ku kawo mana tarihin otal ɗin Hilton na Abuja ma, wanda aka buɗe a 1987 da sunan Nicon Noga Hilton.