Wai giyar hannu ce kaɗai ta maza

Ban kira sunan kowa ba, kuma ba zan kira ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Akwai wani bawan Allah da ya naɗa kansa sarkin sanin mota. Da zarar mutum ya ce yana neman motar gudu ta gwanjo, kafin ya rufe baki gogan ya yanke hukunci: giyar hannu ko a fasa. Otomatik, a faɗarsa, ta ragwaye ce da waɗanda ƙafarsu ta hagu ta mutu. Ba ya tambayar wace mota ce, wace shekara aka ƙera ta, hannun mutum nawa ta bi. Fatawarsa ɗaya ce ga Mazda da Ferrari, kuma yana bayar da ita da murya mai ƙarfi, don ya lura cewa masu saurarensa sun fi jin amo fiye da hujja.

Kada wani ya ce hassada ce. Ni ma giyar hannu nake tuƙawa, kuma ina son ta. Na san daɗin ka doshi kwana, ka taka birki, ka ɗan ba ta wuta, ka sauke giya ta faɗa lafiya lau ba tare da motar ta girgiza ba. Wanda ya tuƙa Honda S2000, wadda daga 1999 zuwa 2009 ba a taɓa fitar da ita da otomatik ba, ya san abin da nake nufi. Amma son abu ba shi ne saninsa ba, kuma kuɗin da za a kashe na mai saye ne, ba na mai wa'azi ba.

Abin da malamin namu bai sani ba, ko ya sani yake ɓoyewa, shi ne motocin da ba su da fedar kuloci ba iri ɗaya ba ne a ciki. Akwai tsohuwar otomatik, wadda ke tura ƙarfin inji ta cikin mai, irin Tiptronic da Porsche ta sa wa 911 a 1990 da giya huɗu kacal. Ita kam tana da nawa, ka taka totur sai ta yi tunani tukuna. Mazda RX-8 ta fi nuna bambancin: mai giyar hannu shida tana juyi har 9,000 a minti, mai otomatik kuwa an rage mata juyin da ƙarfin, har ta zama kamar wata motar daban aka sa wa riga ɗaya. A kan irin waɗannan, bakin gogan ya faɗa kan gaskiya, ko da bisa kuskure ne.

Sai iri na biyu, wanda shi ne ya kamata mai ba da shawara ya ja kunnen mutane a kansa, amma ban taɓa jin ya ambace shi ba. Ferrari ta kawo shi a F355 a 1997 da sunan F1, BMW kuma ta sa wa M3 samfurin E46 nata mai suna SMG. A ciki giyar hannu ce sak, da kuloci ɗaya, sai dai famfon mai da kwamfuta ne ke taka kulocin a madadin ƙafarka. A buɗaɗɗen titi tana da zafi. A cikin cunkoso kuwa sai fizga da tangal-tangal, tana cin kuloci a tafiyar rarrafe, kuma famfon SMG ya yi suna wajen mutuwa idan ya tsufa. Shi ya sa wasu masu M3 ke kwance kayan famfon su dasa fedar kuloci, tunda giyabos ɗin na ciki ɗaya ne, shi ya sa kuma Ferrari F430 mai giyar hannu ta fi 'yar uwarta mai F1 daraja a kasuwar gwanjo. Da a ce wannan bayanin yake yi wa mutane, da ni ne farkon mai tafa masa.

Inda ya yi ɓatan kai shi ne iri na uku. Tun 2003 Volkswagen ta fito da DSG a Golf R32, a 2008 Porsche ta kawo PDK cikin 911, bayan ta gwada ta a motocin tserenta 956 da 962 tun shekarun 1980. Kuloci biyu ne a ciki, ɗaya na riƙe da giya ta ɗaya da ta uku da ta biyar, ɗayan na riƙe da sauran, saboda haka kafin ka nemi giya ta gaba tana nan a shirye tana jiranka. Ita ma tsohuwar otomatik ba ta zauna inda take ba: mai giya takwas ta kamfanin ZF, wadda Toyota ta fito da sabuwar Supra da ita a 2019, ta yi nisa da Tiptronic ta da. Nissan GT-R ta 2007 ba ta da giyar hannu. Ferrari 458 ta 2009 ba ta da ita. Corvette da aka mayar wa inji tsakiya a 2020 ma haka. To duk masu tuƙa waɗannan ragwaye ne ke nan, shi kaɗai ne namiji?

Yana da labari guda da yake maimaitawa har mun haddace. Wai a 2013 Porsche ta fitar da GT3, wato 911 mai zafin gudu, da PDK kaɗai, masoya suka yi ca, a 2016 ta yi 911 R mai giyar hannu guda 991, a 2017 kuma ta dawo da giyar hannu cikin GT3. Labarin gaskiya ne. Sai dai kullum a nan yake yanke shi, ba ya ƙarasa cewa a alƙaluman kamfanin kansa, GT3 ta 2017 mai PDK tana kai kilomita 100 a sa'a cikin daƙiƙa 3.4, mai giyar hannu kuma cikin 3.9. An dawo da ita ne don masu son jin daɗin aikin hannunsu, kuma wannan dalili ne mai kyau, ya isa shi kaɗai. Amma wanda ke bugun ƙirji cewa hannunsa ya fi kwamfuta sauri, alhali mun sha ganin hannun nan yana lalube tsakanin ta biyu da ta uku, sai dai mu ce Allah ya ƙara lafiya.

Duk wannan ma maganar sabuwar mota ce. A gwanjo, ba giyabos kake saye ba kawai, har da halin wanda ya riga ka riƙe ta, kuma giyar hannu ta fi komai ɗaukar halin mai ita. Wanda ke ɗora ƙafa kan kuloci yana tafe, wanda ke tsayar da mota a kan tudu da rabin kuloci maimakon birki, wanda ke figar ta daga tsaye don 'yan kallo su juyo, duk yana rubuta tarihinsa a farantin kuloci da fulawil da zobban da ke daidaita haƙoran giya. Mafi muni shi ne kuskuren sauke giya. Mutum yana gudu a ta biyar, ya nufi ta huɗu, hannu ya zame ya faɗa ta biyu. A lokacin tayoyi ne ke juya inji, ba mai ba, don haka na'urar da ke hana inji wuce iyakar juyi ba ta da abin yi. Wani lokaci bawul ya gamu da fistin nan take, wani lokaci injin ya haɗiye raunin ya ci gaba da tafiya har sai ya shiga hannun sabon mai shi. PDK ko DSG ba za su yarda da wannan ba, ka nemi giyar da za ta kashe inji, sai su ƙi ba ka.

Saboda haka, ɗan uwa mai niyyar saye, in giyar hannu ranka ke so, je ka da sassafe kafin a ɗumama injin. Sa ta biyu tana da sanyi ka ji ko za ta yi ƙara. Hau titi, sa giya ta sama a ƙaramin gudu, ka taka totur har ƙasa: in allurar juyi ta tashi amma motar ba ta ƙara sauri ba, kuloci ya tafi. Ka lura da inda fedar ke kamawa, in sai can sama, ka sa kuɗin gyara a lissafinka.

In kuma otomatik ce, kada ka ɗauka ka tsira. Tambayi takardun canjin man giya. DSG mai kuloci a cikin mai tana son sabon mai kusan kowane kilomita 60,000, kuma ko inda kamfanin mota ya ce man na har abada ne, in giyabos ɗin ƙirar ZF ce, ZF tana ba da shawarar a canza. Gwada ta da sanyi, gwada ta da zafi, ka bar ta ta yi rarrafe, ka sa ribas a kan tudu ka ji ko tana karkarwa. Gaskiya ɗaya ce, ranar da ƙwaƙwalwar irin wannan giyabos ta lalace, kuɗin gyaranta ya fi na kuloci nesa ba kusa ba, kuma ba kowane makanike ne ke iya taɓa ta ba. Sannan ka tambayi kanka inda za ka fi tuƙa ta. Wanda rabin rayuwarsa a cunkoso take, kulocin motar gudu mai tauri zai raba shi da son motar cikin ɗan lokaci.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na yi wannan dogon rubutu. Wa'azin gogan bai yi zafi haka ba sai da ya sa tasa motar a kasuwa. Wani ƙanenmu, yaro mai ladabi da ya daɗe yana tara kuɗinsa, ya zo mini da murna wai an ce masa motar ba ta taɓa shan wahala ba, kuma in ya sayi otomatik abokai za su yi masa dariya. Mu kuwa mun san motar. Mun tsaya bayanta a danja, a kan tudu, mun shaƙi ƙaurin kuloci har cikin tamu motar da gilashi a rufe. Mun ji ƙarar da ta yi ranar da wani ya so ya burge jama'a, aka dawo da ita a hankali babu mai cewa uffan.

Abin da gogan ya manta shi ne motar tasa Porsche ce, tana cikin masu ajiye lissafi. Kwamfutar injin Porsche tana rubuta duk lokacin da aka wuce iyakar juyi, a 911 samfurin 997 ma mataki shida take kasa shi, daga mai sauƙi zuwa mafi muni, ta nuna yawansa da kuma sa'ar aikin injin da abin ya faru na ƙarshe. Na ce wa yaron ya nemi a jona ta da na'ura a gabansa, a buga masa takardar. Da ya nema, sai aka ce masa yau mai na'urar ya yi tafiya. Ya koma, aka ce ai maza ba sa sayen mota da takarda, da kunne suke saye.

Yaron dai bai fasa son giyar hannu ba, kuma ban hana shi ba, yana can yana duba wata wadda mai ita ya miƙa masa takardun tun kafin ya tambaya. Shi kuma mai waccan, in mai na'urar ya dawo daga tafiya, a sanar da mu. Akwai masu son ganin abin da aka rubuta a mataki na huɗu zuwa sama.