Wa ya rubuta abin da Kawu ya sani?

Shekara huɗu ke nan ina Lizbon, babban birnin Fotugal, amma sai watan jiya ƙafata ta taka Torre do Tombo, gidan da suke adana tsofaffin takardun ƙasarsu. Wani abokin karatuna ɗan ƙasar ne ya ja ni. Gini ne jibgege kusa da jami'a, tagoginsa kaɗan, kai ka ce ganuwa. Jaka a bakin ƙofa ake barinta. Ciki shiru, ko tari ka yi sai ka ji nauyi. Ya buɗe mini hoton wata takarda a kwamfuta, tawadar ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, rubutun a karkace. Limamin cocin wani ƙauye ne ya rubuta ta a 1756.

Ranar Asabar 1 ga Nuwamba 1755, da hantsi, jama'a na cikin coci, ƙasa ta girgiza a Lizbon. Teku ya ja da baya, ya dawo ya haye gari, wuta kuma ta yi kwanaki tana ci. Dubban mutane suka mutu. Har yau cocin Carmo na tsaye a tsakiyar birnin babu rufi. Ƴan watanni bayan haka wazirin sarki, wanda aka fi sani da Pombal, ya aika wa limaman coci tambayoyi. Da wane lokaci ta fara, kuma ta daɗe kamar yaya? Ta wane ɓangare gidaje suka fi faɗuwa? Teku janyewa ya fara yi ko cikowa? Me aka gani a maɓuɓɓugan ruwa da koguna? Mutum nawa aka rasa? Takardar da abokina ya nuna mini ɗaya ce daga cikin amsoshin, kuma da su masana na yau ke gane inda girgizar ta fi ƙarfi. Tsohon ginin ma'ajiyar takardun shi ma ya rushe a ranar. Mai kula da ita, Manuel da Maia, dattijo da ya haura saba'in, ya sa aka tono takardun daga ɓaraguzai aka killace su a rumfar katako.

Sai abokin nawa ya juyo, da zuciya ɗaya, ya ce: ku fa, ina kuke ajiye naku?

Na ba shi amsa da zafi. Na ce mu ba mu san girgizar ƙasa ba, Damagaram bisa dutse take zaune. Gaskiya na faɗa, amma daren nan barci ya gagare ni, don dutsen nan shi ne ya hana mu ruwa. Ƙishin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Kuma a Satumbar 2024, da ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wa ya bi gida-gida yana tambayar ta ina ruwan ya biyo, wane bango ya fara tsagewa? Mun yi ta tura bidiyo a WhatsApp muna salati. Da waya ta cika, muka share.

Ban ce ba mu da komai ba. Kakata na ba da labarin Kakalaba, yunwar 1914, kamar yadda uwarta ta ba ta. Malamanmu na da kundaye, wasu na ajiye a Yamai. Kuma kada wani ya yi mana gori, takardu da yawa na zamanin mulkin mallaka suna Dakar ta Senegal da Aix-en-Provence a Faransa, inda ɗan Zinder sai da biza zai je ya karanta labarin garinsu. Duk da haka, a wannan fage sun fi mu, nesa ba kusa ba.

Kawuna mai haƙar rijiya ne. Ya kan ɗebi ƙasa daga guga, ya murza tsakanin yatsu, ya shinshina, ya ce saura gaba biyu. Ya san inda za ka wuce rairayi ka tarar da marmara, da inda fa zai tare ka ko da ka shekara kana sara. Ya san rijiyar da ta ƙafe a farin 1984 da wadda ta riƙe unguwa. Duk sanda na kira ya kan ce: "Ɗana, in ka zo gida na zagaya da kai ka gani." Ni kuma kullum sai na ce in Allah ya kai mu baɗi, Kawu. Ya rasu a daminar bara. A waya na yi ta'aziyya, ina tsaye a tashar jirgin ƙasa, ban samu ko ɗaukar makara ba.

Abokin aikinsa da ke ja masa igiya yana nan da rai, idanunsa ne dai suka yi rauni. Na aika wa ƙanena kuɗin littafin rubutu da goro, na ce ya je ya durƙusa ya gaishe da Baba, ya fara tambayarsa rijiyar farko da suka haƙa tare da Kawu: a ina take, gaba nawa ce, kuma tana da ruwa har yanzu?