Gonar Baba

Tunda bidiyon ya riga ya zaga, har wani abokina da ke Jidda ya turo mini shi yana tambayar wai ko ni ne, gara ku ji daga bakina.

Kun dai san Kawu. Tun muna yara yake mana karatun cewa asalinmu wani gari ne a ƙasar Kura, kuma kakan mahaifinmu, wanda duk zuri'a ke kira Baba, shi ne ƙusar garin. Wai gonarsa sai da doki ake kewaya ta, wai rumbunansa ba sa ƙirguwa, wai hassada ce kawai ta hana a naɗa shi dagaci. To bara na ce na gaji da ji a baki, na shiga neman tsohuwar taswirar garin. Ba zan gajiyar da ku da yawon ofis ba. Wata uku ana ce mini mai makulli ya tafi ta'aziyya, har na fara tausayin danginsa. A ƙarshe wani dattijo ya zaro mini takarda daga ƙasan durowa, ta yi jawur kamar ganyen taba, gara ta cinye kusurwar da aka rubuta shekara. Aka yi mini kwafi.

Irin taswirar nan ce ta zamanin En'e. Da Turawa suka ci Kano a 1903 suka naɗa Sarki Abbas, babu abin da ya tsaya musu a rai kamar haraji. Suka sa hakimai su bar birni su koma zama a gundumominsu, aka kuma fito da malaman taki, masu bin gona-gona suna auna tsawo da faɗi da takun ƙafa, a rubuta, a yanka wa mutum kuɗi gwargwadon abin da yake nomawa. Daga baya 'yan safiyo suka zo da sarƙarsu. Wato duk wanda ka ga gonarsa a irin wannan takarda, ba don ana ƙaunarsa aka zana ta ba. Kuma a yankinmu takardar ta fi daraja, domin tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 aka jawo ruwan noman rani zuwa Kadawa da kewaye, aka sake yanka gonaki, tsofaffin iyakoki suka bi ruwa. Yau in ka je, shinkafa ce da tumatir iya ganinka.

Na shimfiɗa ta a kan gado da daddare ina haska fitilar waya. Ga ganuwa, ga kasuwa, ga masallaci, ga wani layi mai lanƙwasa da na gane rafi ne. Sai can gabas da gari na ga wani fili, shi kaɗai ya kai gonaki goma na maƙwabta, a tsakiyarsa an rubuta da wani kwantaccen rubutu: Gonar Baba. A gefensa kuma ƙananan da'irori jere reras. Na ƙirga, arba'in da bakwai. Rumbuna!

Wallahi sai da na tashi uwargida daga barci.

Daga nan fa kai ya kwance. Na kai aka faɗaɗa ta kamar tabarma, aka lulluɓe ta da leda mai kauri. Na ɗinka sabuwar babbar riga. Na rubuta a zauren WhatsApp na dangi cewa kowa ya zo taron zumunci na bana, akwai albishir da zai canza matsayin gidanmu. Uwargida kuwa ta riga ta gaya wa matan layinmu, ɗaya har ta fara ce mini "ranka ya daɗe" in na fito. Akwai ma wata wasiƙa da na fara rubutawa, wadda ba zan faɗi inda na yi niyyar kai ta ba.

Kwana uku da ƙaramar Sallah aka hallara a gidanmu na cikin gari, maza a tabarmi, mata a bakin rumfa, yara ko'ina. Na sa samari biyu suka riƙe taswirar, ɗaya a kowane gefe. Na ciro eriyar tsohuwar rediyo na zuƙe ta, ita ce sandar nuni. Ban tashi farawa ba sai daga Barth, Bajamushen nan da ya shigo Kano a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim, ya zana birnin da Dala da Goron Dutse da Jakara. Na ce tun daga shi, ban san wanda ya wahala a kan taswirar ƙasar nan kamar ni ba. Eh, na faɗa. Yana cikin bidiyon, babu amfanin musu.

Na bi da su ta ƙofar gari, na ratsa kasuwa, na tsallake rafi, sannan na ɗora kan eriya a filin nan na yi shiru, don maganar ta zauna. Na ce, "Jama'a, Gonar Baba." Aka ɗauki kabbara. Kawu ya share ido da hannun riga yana cewa ai ya sha faɗa. Na ƙirga musu rumbunan ɗaya bayan ɗaya, yara suna amsawa kamar a makarantar allo.

Sai Hajiya Kaka ta yi gyaran murya.

Ga wanda bai sani ba, ita ce autar su kakanmu, ta haura casa'in, ido ya tafi amma kunne ko allura ta faɗi sai ta ji. Ba ta san boko ba ko harafi ɗaya. Ta ce, "Angona, matso. Wannan gonar, gabas da gari ka ce?" Na ce ƙwarai, Hajiya. "Rafi na bayanta?" Na ce kamar kina gani. "Akwai hanyar jakai da ta bi ta kudu?" Na duba, ga ta kuwa, ɗigo-ɗigo. Na juya ina kallon jama'a, ina murmushi, irin na wanda shaidarsa ta iso kotu a kan lokaci. Har na ce, "Kun ji ko? Baki da takarda sun haɗu."

Ta ce, "Sake karanta mini abin da aka rubuta."

Na karanta, da ƙarfi.

Ta ce, "A'a. Ba Baba ba. Baba." Ta ɗaga muryar sama ta ja ta, yadda ake faɗin na rini. "Baban rini, angona. Wanda ake shuni da shi. Gonar baba ce, ta Sarkin Karofi. Mun sha tsinkar ganyen muna yara, a ba mu anini."

Kun san boko ba ya nuna hawa da saukar murya. Malamin da ya rubuta ya san abin da yake nufi, duk garin sun sani, ni kaɗai ne na zo bayan shekaru na karanta abin da raina ke so. Na tsaya riƙe da eriya. Wani abu ya ce mini in yi shiru in zauna, ban ji ba. Na ce, "To Hajiya, rumbunan fa? Arba'in da bakwai fa."

"Zagaye-zagaye, a jere, kusa da rafi?"

Na ce eh, amma a hankali.

"Wa ya taɓa gina rumbu a bakin rafi, kai kuwa? Ramukan karofi ne. Kai da ka yi jami'a."

A nan eriyar ta zame ta shige cikin kanta, ƙit, ƙit, ƙit, ta koma kamar biro. Ban san ina danna ta a jikin taswirar ba. Samarin da ke riƙe da ita suka fara sauke hannu a hankali, ɗaya yana cizon leɓe. Kawu ya miƙe ya ɗauki buta wai zai yi alwala. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Mutumin da ban taɓa ganin ya yi walaha ba.

Ai da ta tsaya nan da sauƙi. Wata 'yar ƙanwata, 'yar shekara bakwai, ta ce, "Hajiya, to ina gonar Babanmu?" Tsohuwa ta yi dariya har ɗankwali ya zame. Ta ce, "Wace gona? Mutumin da ko taki ɗaya ba shi da shi, me malaman taki za su auna? A karofin yake aiki. Shi ke zuba toka da katsi, shi ke juya rami da muciya tun asuba. Hannunsa baƙi-shuɗi har gwiwar hannu, in ya ci tuwo sai ka ga inda ya gutsura. Har ya koma ga Allah bai fita ba, masu wanka sun yi iya yinsu." Ta ce shigowarsa birni ma neman aiki ne a marinar Ƙofar Mata, da jaki ɗaya, shi ma na aro.

Na yi ƙoƙarin ceto abin da ya saura. Na ce ai rini ba ƙaramar sana'a ba ce, turkuɗi da ɗan Kura har Agadas Buzaye ke ɗauka, Barth da kansa ya rubuta cewa tufafin Kano na kai wa Tambutu da Tarabulus. Kuma gaskiya na faɗa. Ta gyaɗa kai ta ce, "Ƙwarai kuwa, masu ramukan sun yi arziki. Shi dai juyawa yake."

To yanzu bari in zo kan mijin ƙanwata, don shi ne ainihin abin da ya sa nake rubutun nan. Kowa ya yi dariya a wajen, ban hana ba, ni ma da wani ne zan yi. Amma akwai dariya akwai wulaƙanci. Shi tasa irin ta janareton da ya ƙi tashi ce, ya ja, ya tsaya, ya sake ja, sannan ya kama gaba ɗaya har da buga ƙafa, har ya ture kofin zoɓo a kan tabarmar mutane. Kuma duk wannan da hannu ɗaya yake yi, ɗayan na riƙe da waya. Tun daga Barth yake ɗauka. Wato tun kafin a san yadda za ta ƙare ya shirya mini. Mutumin da ba jininmu ba, aure ne ya kawo shi, bai ba da ko sisi a kuɗin taron ba, amma faranti biyu ya ci, ya kuma sa aka ƙulle masa naman a leda wai na yara. Yaran suna wajen, sun ci nasu. Wannan mutumin tsanina yana gidansa shekara biyu ke nan. Tsani na ƙarfe, mai naɗewa, ba na katako ba. Ya ce zai gyara tankin ruwa ya dawo da shi da yamma. Duk sanda na tambaya sai ya ce ai gida ɗaya ne. Da na kira shi a kan bidiyon, ce mini ya yi wai mutum uku kacal ya tura wa. Ɗaya daga cikin ukun zauren 'yan ajinsu ne na sakandare. Ni ma fa na san kakansa, na san abin da yake sayarwa a bakin Kurmi, ban dai ga dama ba ne.

Kawu har yau bai ɗauki wayata ba. An ce yana gaya wa mutane wai taswirar ce ta bogi, Turawa sun saba.

Uwargida yanzu Sarkin Karofi take ce mini, ko a gaban baƙi. Matar layinmu ba ta daina "ranka ya daɗe" ba, sai dai yanzu da wata irin murya take faɗa. Ran Asabar na bi ta Ƙofar Mata na tsaya a bakin ramukan ina kallon wani dattijo yana tsoma zane yana ɗagawa, ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idona. Ya ce, "Alhaji, rini za a yi?" Na ce a'a, kallo nake. Wari dai akwai shi.

Taswirar tana nan. Tunda leda ce mai kauri, an mayar da ita abin shanyar kuɓewa a saman ɗaki. Da ita nake son saukowa tun shekaranjiya, ga hadari yana haɗuwa, ba tsani.