Sashe na 24: Waye ake kamawa da dokar laifukan intanet?

Cikin azumin bara wani maƙwabcina tela ya amsa kiran wata baƙuwar lamba. Mai kiran ya ce daga banki yake, za a rufe masa asusu in bai karanto lambobin da aka turo masa ba. Ya karanto. Kafin ya koma kan keke, duk kuɗin da mutane suka ba shi na ɗinkin sallah sun tashi. Ni na raka shi ofishin 'yan sanda. Muka wuni a kan benci, aka ba shi takarda ya rubuta bayani, daga ƙarshe wani jami'i ya ja mu gefe ya ce bin sawun lamba aiki ne mai cin kuɗi, kuma ba a nan ake yi ba. Muka dawo da yamma yana riƙe da wayarsa kamar wanda aka ba gawa. Har yau ba wanda ya kira shi.

Saboda irin wannan bawan Allah aka ce an yi dokar yaƙi da laifukan intanet, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2015, dab da barinsa mulki. Akwai abubuwa masu amfani a cikinta: hukuncin kutse cikin kwamfuta, satar bayanan katin banki, sojan gona, yaɗa hotunan batsa na yara. Amma in ka tambayi ɗan jarida ko matashin da ke rubutu a Facebook abin da ya sani game da dokar, sashe ɗaya zai faɗa maka, na 24.

A yadda aka fara rubuta shi, sashen ya tanadi tarar da ta kai naira miliyan 7, ko ɗaurin da ya kai shekara 3, ko duka biyun, ga wanda ya aika saƙon ƙarya da nufin ɓata wa wani rai, ko takura masa, ko cin mutuncinsa, ko jefa shi cikin damuwa. Ɓacin rai fa! Wane gwamna ne ransa ba zai ɓaci ba in an ce masa rufin ajin makarantar da ya ƙaddamar bara ya riga ya yaye? Kalmomin sun yi faɗin da kowane mai iko zai iya cusa abokin hamayyarsa a ciki. Kotun ECOWAS ta faɗi haka har sau biyu, a 2020 da kuma 2022 a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar: sashen ya ci karo da 'yancin faɗar albarkacin baki, a gyara shi. Sai a Fabrairun 2024 Bola Tinubu ya sa hannu kan gyaran. Aka cire maganar ɓacin rai da cin mutunci, aka bar saƙon batsa, da ƙaryar da aka yaɗa da gangan don rusa doka da oda ko jefa rai cikin haɗari.

Mutane suka yi murna. Wata uku ba su cika ba, ranar 1 ga Mayun 2024, 'yan sanda suka ɗauke Daniel Ojukwu, ɗan jaridar FIJ, wata kafa mai binciken ƙwaƙwaf, a Legas. Kwanaki suka wuce iyalansa da ofishinsa ba su san inda yake ba, daga baya aka gano an kai shi Abuja, cibiyar 'yan sanda ta laifukan intanet, kan wani rahoto da ya rubuta game da kwangila a wani ofishin gwamnatin tarayya. Fiye da mako ɗaya ya yi a tsare, alhali sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya ko biyu.

Abin da nake gani shi ne mun daɗe muna duban wurin da ba nan ciwon yake ba. Muna ta muhawara kan lafazin doka, wai a cire wannan kalma a sa waccan, ga shi kuwa masu shigar da koken ba hukuncin alƙali suke nema ba. Kamun suke so. A zo gida ko shago cikin kayan gida, a karɓe waya, a saka mutum a mota a yi tafiyar dare da shi zuwa garin da bai san kowa ba, ya kwana a ƙasa, danginsa su shiga neman lauya da kuɗin mota da wanda zai tsaya masa beli. Wani lokacin sharaɗin belin ma sai an kawo babban ma'aikacin gwamnati mai gida a Abuja. Ɗan talaka daga Gumel ko Malumfashi ina zai samo shi? In an yi wata guda ana wannan jeka-ka-dawo, sai a ji an janye ƙara, wai manya sun sa baki, an yafe masa. An riga an gama hukunta shi ba tare da alƙali ya saurari shaida ko ɗaya ba.

Haka ta faru da wani ɗalibi na Jami'ar Tarayya ta Dutse a ƙarshen 2022. Layi ɗaya ya rubuta da Hausa a Twitter, yana tsokanar Aisha Buhari cewa an ci kuɗin talakawa an ƙoshi. Watanni bayan rubutun aka bi sawunsa har makaranta, aka kai shi Abuja, aka gurfanar da shi kan ɓata suna, aka tura shi gidan yarin Suleja, sai da ƙasa ta ɗauki surutu kuma ɗalibai suka yi barazanar zanga-zanga sannan aka janye ƙarar. Ban ce yaron ya kyauta ba. A tarbiyyarmu ba a yi wa sa'ar uwa haka. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ashe ana iya bin sawun waya har cikin jami'a. Ga maƙwabcina tela ne kawai na'urar ke tsada.

A watan Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda sun taɓa gwamna na lokacin, Abdullahi Ganduje. Waɗannan shari'o'i sun nuna cewa ko an soke sashe na 24 gobe, sanda na nan a jingine. Kundin Penal Code da Arewa ke aiki da shi tun 1960 ya ɗauki ɓata suna a matsayin laifi, mai ɗaurin da ya kai shekara 2.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Shafukan nan sun zama dandalin yi wa mutane ƙazafi. An kashe aure da hoton da aka haɗa, an hana yarinya fita daga gida saboda tsohon saurayi ya watsa hirarsu, an tayar da husuma a gari da saƙon murya guda a WhatsApp. Addininmu bai ɗauki mutuncin mutum da wasa ba, kuma wanda aka yi wa sharri yana da haƙƙin a bi masa kadi. To amma ku ƙirga min 'yan matan da aka ci zarafinsu a intanet, 'yan sanda suka tsallaka jihohi uku suka kamo musu mai laifin. Masu samun wannan gatan gwamnoni ne da matansu, da 'yan majalisa, da manyan 'yan kasuwa. Har wata mata a Legas an kama a 2023, aka kai ta Abuja, don ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwanin da ta saya ya cika zaƙi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana wannan. Dokarsu ta 2019 ce aka yi amfani da ita aka tsare 'yar jarida Samira Sabou a 2020, bayan ɗan shugaban ƙasa na lokacin ya kai ƙararta. Gwamnatin Shugaba Mohamed Bazoum ta cire ɗauri kan ɓata suna da zagi a 2022. A Yunin 2024 gwamnatin Janar Tiani ta mayar da shi, shekara 1 zuwa 3. Ghana kuwa tun 2001 ta fitar da ɓata suna daga jerin laifukan da ake ɗaure mutum a kai, kuma ba a ji ƙasar ta kife ba. Kotun Afirka ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ma ta yanke a 2014, a shari'ar ɗan jaridar Burkina Faso Lohé Issa Konaté, cewa ɗauri kan ɓata suna ya wuce gona da iri.

Hanyar a bayyane take. Wanda ya ga an ɓata masa suna, gwamna ne ko mai unguwa, ya ɗauki lauyansa da kuɗin aljihunsa ya shigar da ƙarar neman diyya a kotun garin da wanda yake ƙara ke zaune, ya shiga akwatin shaida da kansa, a yi masa tambayoyi kan kwangilar da ake magana a kai. Da yawa za su fasa, domin wannan tambayar ce suke gudu. A bar wa 'yan sanda barazanar kisa, da tunzura rikici, da watsa tsiraicin mutane, da 'yan damfara. Majalisun jihohi na da ikon goge ɓata suna daga kundin laifukansu ba tare da jiran Abuja ba; Legas ta yi tun 2011.

Gyaran 2024 ɗin nan shi ne ya zo da harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan tura kuɗi ta intanet. Da Babban Banki ya fitar da sanarwar fara cire shi a watan Mayu, ƙasa ta ɗauki ihu, 'yan ƙwadago da 'yan kasuwa da majalisa, cikin 'yan kwanaki aka dakatar. A makon da ake wannan ihun Ojukwu yana kwance a ɗakin tsaro a Abuja, a ƙarƙashin dokar guda, kuma 'yan jarida da 'yan ƙungiyoyi ƙalilan ne suka fita kan titi saboda shi.