Garin zogale da maganar wanke kitsen jini

A kasuwar Wadata ta nan Yamai na ga wani mai talla da lasifika, ya jera ƙullin garin zogale a faranti, yana rantsuwa cewa cokali ɗaya safe da yamma zai wanke kitsen jini tas. Wata dattijuwa ta kwance bakin zane ta sayi ƙulli biyu, tana ce wa 'yar rakiyarta ta gaji da ƙwayoyin likita. Wannan magana tata ta tsaya mini a rai.

Tallar tana shiga kunne ne don akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Ganyen zogale yana da sinadaran filabonoyid, irin su kwasetin da kamferol. Shi kuwa kolesterol, wato kitsen jini, nau'insa da ake kira LDL ya fi ɓarna idan oksijin ya gurɓata shi, kamar yadda man gyada ke sauya wari in ya daɗe a buɗe. A nan ne ƙwayoyin garkuwar jiki ke haɗiye shi, su kumbura su maƙale a bangon jijiya, hanyar jini ta tsuke. A kwalbar gwaji, filabonoyid na jinkirta gurɓacewar. A 1993 ma, binciken garin Zutphen na ƙasar Holan kan dattawa maza 805 ya nuna mutuwa ta ciwon zuciya ta fi ƙaranci cikin waɗanda suka fi samun sinadarin daga shayi da albasa da tuffa.

To amma cikin mutum daban, kwalba daban. Kaɗan hanji ke tsotsa, hanta kuma ta sauya wanda ya wuce. A Birtaniya an yi gwaji kan mutum fiye da 20,000, aka ba rabinsu bitamin masu irin wannan aiki tsawon shekara 5. Sakamakon 2002 ya nuna ciwon zuciya bai ragu ba. Maganin simbastatin mai rage kitsen jini, a gwajin nan dai, ya rage shi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Ni mai son kopto ne, wato kwaɗon zogale, da ƙuli-ƙuli da albasar Galmi, kuma ina so kowane gida ya riƙa cinsa. Abin da nake tsoro shi ne mai hawan jini ya ajiye maganinsa, ya daina zuwa awo, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Gidajen rediyon da ke karɓar kuɗin irin wannan talla su ma a tambaye su, domin iyayenmu sun yarda da abin da rediyo ya faɗa.