Su ba su manta da wanda ruwa ya ci ba, mu namu fa?

Akwai wani ɗan gari da ake kira Silloth a arewa maso yammacin Ingila, bakin teku ne, in ka tsaya kana hango duwatsun Sikotlan a ƙetaren ruwa. Nan aikin kula da tsofaffi ya kai ni. Rannan wata tsohuwa da nake dubawa ta ce in tura ta a kekenta zuwa bakin ruwa wai akwai taro. Ga sanyi mai ratsa ƙashi ga iska, na iske mutane 'yan kaɗan, wani dattijo da lambobin yabo jere a ƙirji yana riƙe da tuta, limamin coci, 'yan makaranta cikin yunifom, sai wasu mata biyu da suka taso takanas tun daga Kanada. Ƙanin kakarsu ake tunawa, saurayi ɗan shekara 20 da ɗoriya, ya zo koyon aikin jirgin yaƙi a 1942, suka tashi atisaye da dare jirgin ya faɗa teku, har yau ko takalminsa ba a gani ba. Aka karanta cikakken sunansa, aka busa bigila, kowa ya yi tsit minti biyu, sannan matan suka jefa furanni a ruwa suna kuka.

Ku lura fa, yaron nan bai taɓa yin ido huɗu da abokin gaba ba, a wajen koyo ya mutu. Kuma irinsa na da yawa. A lokacin yaƙin duniya na biyu akwai filin jirgi a Silloth inda ake horar da matasa tuƙa jirgin Hudson, ƙirar Amurka mai inji biyu, yawan faɗawar da suke yi a mashigin Solway ya sa sojojin suka riƙa ce wa wurin Hudson Bay, wato mashigin Hudson. A rundunar jiragen jefa bama-bamai ta Birtaniya kaɗai mutum 55,573 suka mutu, fiye da 8,000 daga ciki a haɗari ne, ba a fagen daga ba. Waɗanda ba a samu gawarsu ba an gina musu wuri a Runnymede kusa da Landan, Sarauniya Elizabeth ta buɗe shi a 1953, sunaye fiye da 20,000 a sassaƙe jikin bango. Hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth tun 1917 take, in ka shiga shafinta na intanet ka rubuta sunan mutum za ka ga muƙaminsa, ranar da ya mutu, wani ma har da sunan iyayensa da garinsu.

Wallahi abin ya sosa min rai, don yayan kakana ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba, kuma a gidanmu iyakar abin da aka sani ke nan, ya tafi Bama. Dubban 'yan Arewa Turawa suka kwasa cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka yi yaƙi da Japan a dazukan Kaladan da Arakan. Kullum muna wuce barikin Chindit a Zariya da na Dalet a Kaduna, ga Arakan a Apapa, ga Burma Camp a Akara, duk daga can aka samo sunayen nan, amma tambayi ɗan sakandare ka ji. Na shiga shafin hukumar nan na nemi namu, sai na tarar yawancin sojojinmu sunansu da garinsu kawai aka rubuta musu, wane Kano, wane Sakkwato, wane Katsina, ba sunan uba. To wanne ne namu a ciki? A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun a Bama akwai bango mai sunaye wajen 27,000, har da na 'yan Afirka ta Yamma, ina jin a jikina yana cikinsu.

Na san za a ce ai Turawan ba adalci suka yi mana ba, kuma gaskiya ne. Su da kansu a 2021 suka fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na farko, yawanci 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunansu ko'ina ba, har ministan tsaronsu ya tsaya a majalisa ya ba da haƙuri. Za kuma a ce mu ba ma gina kabari ba ma jefa fure, wanda ruwa ya ci ma shahidi ne, muna da addu'a da sadaka, in an yi haihuwa a mai da sunan mamaci. Na yarda, kuma ba zan taɓa musanya addu'a da fure ba. Amma ina addini ya hana rubuta suna? Mu da malamanmu suka adana sunan mai ruwaya bayan mai ruwaya na ɗaruruwan shekaru. Wannan sakaci ne kawai, kuma ba Bature ne ya sa mu ba. Jirgin soja C-130 da ya faɗi a fadamar Ejigbo a Legas ranar 26 ga Satumba 1992 ya kashe mutum fiye da 150, yawancinsu hafsoshin da ke kwas a Jaji, a zamaninmu aka yi, waye zai iya kawo sunan biyar? Duk 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojoji, manya su ajiye fure a Abuja su saki tattabaru, a watse.

Mutum ɗaya ta rage a danginmu da ta ga yayan kakan nawa da idonta, Gwaggo, ita ma ƙarfi ya ƙare. Na kira ta WhatsApp, layi na yankewa, abin da na iya tsinta shi ne dogo ne, yana da tsagen gado, kuma a tashar jirgin ƙasa ta Kano aka yi sallama da shi, mahaifiyarsu ta ƙi zuwa. Da ina gida da tuni na shimfiɗa tabarma a gabanta na yini ina tambaya, amma ga ni nan, hutu sai an lissafa, kuɗin tikiti sai an tara. Na ce wa ƙanena ya je ya zauna da ita ya ɗauki muryarta a waya, ya tambaye ta sunan da aka rubuta masa a soja da shekarar da ya tafi da ko an taɓa aiko da wata takarda. Ya ce to. Na tura masa kuɗin mai tun watan jiya, har yanzu cewa yake sai ya samu sarari.